Goggona ta dawo daga tiyatar rage tumbi, farasitamol kaɗai suka ba ta: a yi mata fenta?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema da gaggawa. Goggona ce aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Alƙahira, yau kwana tara, shekaranjiya ta sauka Kano aka wuto da ita gida nan ƙauyenmu ta wajen Taura. Takardar sallamarta na hannuna: farasitamol na ruwa, omefirazol, da allurar hana daskarewar jini da ake yi mata a fatar ciki. Shi ke nan. Tun jiya take kukan ciwo, 'ya'yanta sun sa ni gaba wai ni ce ma'aikaciyar lafiya, in yi mata allurar fenta (fentazosin, mai kashe ciwo dangin mofin) ko diklo (diklofenak) ta samu barci. Babban ɗanta har cewa yake likitocin can sun karɓi miliyoyi sun sallame ta da maganin ciwon kai. Hannuna ya ƙi zuwa kan allurar, amma ban san me zan ce musu ba.

Mai Kemis Gujungu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Anti ki yi mata diklo ɗaya a ɗuwawu, miligiram 75, ta kwana lafiya. Tunda allura ce ai ba ta cikin za ta bi ba, balle a ce za ta taɓa ɗinki.

Famasis: A'a Malam, tsaya. Wannan maganar ce ke kai mutane asibiti da aman jini. Diklofenak ba sai ya sauka a tumbi yake ɓarna ba. Ta jini yake zuwa, ya hana jiki sarrafa sinadarin da ke sa tumbi ya yi majinar da yake kare kansa da ita daga ruwan tsaminsa. Ka haɗiye shi, ka yi allurarsa, ka sa shi ta dubura, hanya ce ta bambanta, aikin ɗaya ne. Ibufurofen, firoksikam da mutanenmu ke kira felbin, da garin ciwon kan nan mai asfirin da ake sayarwa a tebur, duk gida ɗaya suka fito. Maman Walida, wace irin tiyatar aka yi mata? Duba takardar.

Maman Walida: Baifas aka rubuta, Yaya.

Famasis: To ki ɓoye diklon ma daga ɗakin. A ɗaya nau'in tiyatar, wato siliv, yanke tumbin ake yi a cire kusan kashi 80 cikin 100, a bar siriri, amma hanyar abinci tana nan yadda take. A baifas kuwa ɗan ƙaramin aljihu ake warewa a saman tumbi a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Wannan mahaɗar ita ce mai saurin kamuwa da gyambo, domin hanji bai saba da ruwan tsami ba. Omefirazol ɗin da suka ba ta don kare wurin ne. Masu baifas yawanci ce musu ake yi su rabu da dangin diklo har abada, ba na makonnin farko kawai ba.

Mai Kemis Gujungu: To na ji. Amma fenta fa? Ita ai ba ta da alaƙa da olsa.

Na Tiyata: Salam. Yanzu na fito daga aiki na ga saƙonni. Ni allurar barci nake bayarwa, bari in yi bayani da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

Maman Walida, tambayi wanda yake kwana kusa da Hajiya: tana minshari? Minsharin yana yankewa ɗif, a ji shiru, sai ta farka da shan iska kamar wadda aka shaƙe? Tana gyangyaɗi da rana tana zaune cikin mutane? Galibin waɗanda ƙibarsu ta kai a yi musu wannan tiyata suna da wannan matsalar, da yawansu ba su ma sani ba. Kitsen wuya da harshe ne ke rufe maƙogwaro idan barci ya yi nauyi. Abin da ke ceton su kullum shi ne ƙwaƙwalwa tana jin iska ta yi ƙasa, sai ta tashe su su buɗe hanya. Fenta, mofin, fetidin, tiramadol, kodin, dukkansu wannan farkawar suke dannewa. Mutum zai yi barci mai daɗi, dangi su ce alhamdulillahi ta samu sauƙi, a ja mata ƙofa a fita. Kwana tara da tiyata ƙibar wuyan ba ta je ko'ina ba tukuna.

A asibitinku na ƙauye akwai oksijin? Akwai nalokson da za a karya aikin fenta idan numfashi ya tsaya? Ga shi ma a gida take kwance. Wannan ne dalilin da likitocin can suka sallame ta da farasitamol, ba rowa ba ce.

Kuma maganin ciwon wannan tiyata tun a ɗakin tiyata ake ba da mafi yawansa, mara lafiya tana barci ba ta sani ba. Ba farke ciki ake yi ba, 'yan ƙananan huji ne ake sa kyamara da kayan aiki. Kowane huji ana tsira masa bufibaken ya kashe wurin na sa'o'i. Wasu da na'urar hoto suke duba bangon ciki su zuba maganin tsakanin tsokoki inda jijiyoyin ciwo suka bi. Ana ɗaura farasitamol ta jijiya, giram 1. Ana ba da deksametason tun farko, ondansetiron kusa da ƙarshe, don amai a kan sabon ɗinkin tumbi ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Sai ketamin ɗan kaɗan, wani wurin a ƙara lidoken ta jijiya ko magniziyam. Kowanne ya ɗauke wani yanki na ciwon, sai a ga mofin ɗin da ake buƙata ya ragu sosai. Ƙungiyar ERAS, mai tsara hanyoyin saurin warkewa bayan tiyata, ta fitar da ƙa'idojinta na wannan tiyata a 2016, ta sabunta a 2021, kuma wannan hanyar ta haɗa magunguna da rage dangin mofin ita suka tsaya a kai.

Ungozoma: Magniziyam namu na masu jijjiga? Ikon Allah.

Na Tiyata: Shi dai, Sista. Amma kar wani ya ji ya ce zai gwada a ɗakin haihuwa. Yana ƙara wa maganin sassauta tsoka ƙarfi, yana sauke hawan jini, sai a inda ake kallon mara lafiya da na'ura.

Baba Nas: Yara, na karanta duka. Ban ƙi maganarku ba a kan diklo. Amma akwai abin da ke damuna da zamaninku. Kun mai da tsoron allura addini. Na yi shekaru a ɗakin maza na tiyata, na ga abin da ciwo ke yi wa mutum. Wanda cikinsa ke ciwo ba ya jan numfashi har ƙasa, ba ya tari, ba ya tashi ya taka. Kwana biyu sai ƙirji ya cika, ko jini ya daskare a ƙafa. Mu nan da ma abin da muka iya shi ne "yi haƙuri, Baba", "daure, Hajiya". Mace ta haihu da tiyata a ba ta farasitamol biyu a ce ta gode Allah. Yanzu kun samo Turanci kun lulluɓe rashin tausayin da shi. Baiwar Allah tana kuka tun jiya, ku kuna lissafa sunayen magungunan da babu su a Jigawa.

Na Tiyata: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce a bar ta da ciwo ba. Ko a manyan asibitocin ana ba da mofin bayan wannan tiyata idan ciwon ya fi ƙarfin sauran. Bambancin shi ne ta jijiya ake ba da shi, miligiram 1 ko 2, a jira a gani, a ƙara idan da buƙata, mara lafiya tana kishingiɗe an ɗaga kan gado, na'urar awon oksijin a yatsanta, nas a tsaye. Abin da nake ƙi shi ne a zuƙe kwalbar fenta miligiram 30 a soka a ɗuwawu a tafi. A jikin mai ƙiba allurar ma sau da yawa a kitse take tsayawa ba ta kai tsoka ba, ba ka san yaushe za ta fara aiki ba, ba ka san yaushe za ta sake ta ba.

Baba Nas: Wannan na yarda. Amma ka faɗa wa yaran nan su daina ɗaukar duk mai neman maganin ciwo ɗan ƙwaya.

Ɗan Kazaure: Ni tambayata daban ce. Me ya kai Hajiya yanke tumbi tun farko? Da can mace mai jiki ita ce matar gidan wadata. Yanzu an koma biyan kuɗi a rage halittar Allah.

Maman Walida: Malam, suga da hawan jini ne suka kai ta. Gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, a zaune take salla shekara da shekaru. Ba kwalliya ta je nema ba.

Admin: Ɗan Kazaure a bar wannan zuwa wani lokaci don Allah. Mara lafiya ake magana.

Dakta: Na shigo a makare. Kowa yana ta muhawarar wane magani za a ba ta, ba wanda ya tambayi wane irin ciwo ne. Maman Walida, tiyatar huji ba ta cika ciwo mai tsanani a kwana na tara ba. Kwana biyu ukun farko ne masu wuya, har da ciwon kafaɗa da iskar da ake hura ciki da ita ke jawowa, daga nan kullum sauƙi ake samu. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi labari yake ba mu. Je ki yanzu ki auna min bugun zuciya na cikakken minti ɗaya, zafin jiki, numfashi a minti, hawan jini. Ki tambaye ta ina ne ciwon, ki sa ta nuna da yatsa. Ki duba ƙafafunta ko ɗaya ta fi ɗaya kumburi. Ruwa nawa ta sha yau, kuma yaya fitsarinta?

Maman Walida: To Dakta, ina zuwa.

Mai Kemis Gujungu: Kafin ta dawo, Yaya Famasis, tiramadol fa na haɗiya? Ba na 225 ɗin 'yan ƙwaya ba, na asibiti mai 50.

Famasis: Na asibitin ma dangin mofin ne, sai dai rauni. Yana tayar da zuciya ƙwarai, kuma wadda tumbinta bai wuce ɗan kofin shayi ba, da kurɓi-kurɓi take shan ruwa, idan amai ya kama ta nan da nan za ta bushe. Yana iya jawo farfaɗiya ga mai saurin kamuwa. Likita na iya rubuta shi na 'yan kwanaki idan ya ga dama, amma ba abin da za a miƙa ta kanta ba ne. Sannan duk wani magani da aka rubuta yana narkewa a hankali, wanda ake sha sau ɗaya ko biyu a yini, bai dace da mai baifas ba: hanyar ta gajarce, kuma ba a daka irinsa, idan aka daka sai maganin yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya. Shi ya sa aka ba ta na ruwa. Wani abin kuma, kar a ce tunda tana da jiki a ninka mata farasitamol. Giram 1 duk awa 6, kar ya wuce giram 4 a yini, ko nauyinta nawa ne. Yawancinsu hantarsu da kitse, ga shi ba ta cin abinci sosai. A kuma duba magungunan mura da na ciwon jiki da ke cikin ɗakin, da yawa akwai farasitamol a ciki.

Ungozoma: Firegabalin fa? Na ga ana rubuta wa masu ciwon jijiya.

Famasis: An yi yayinsa kafin tiyata a da. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shi da gabafentin suna danne numfashi, musamman idan an haɗa da dangin mofin. Ga mai minshari irin wanda Na Tiyata ya kwatanta, ni ba zan so shi ba. Ga kuma yadda samarinmu suka gano shi tun bayan da aka hana maganin tari mai kodin a 2018.

Maman Walida: Na dawo. Bugun zuciya 124, na maimaita na samu 122. Zafin jiki 38.1. Numfashi 26. Hawan jini 110 bisa 70, ita da ta saba da 150. Ciwon a saman ciki ne ɓangaren hagu, tana cewa yana harbawa kafaɗar hagu. Ƙafafu ban ga bambanci ba. Fitsari kaɗan ne, ja. Ta ce jikinta ba ya mata daɗi, ta kasa faɗin yadda abin yake.

Dakta: Ki nemo mota yanzu. Ba gobe da safe ba, yanzu. Bugun zuciya da ya zauna sama da 120 bayan wannan tiyata ana ɗaukarsa ɗinki ne ke yoyo har sai an tabbatar ba shi ba ne. Na biyu kuma gudan jini a huhu, tunda ta yi zaman jirgi kwanan nan. Duka biyun ba a maganinsu a ƙauye. Kar ki tsaya a ƙaramin asibiti a ɓata dare, ku wuce Kano, Asibitin Malam Aminu Kano, ta sashen gaggawa, inda akwai likitocin tiyata da na'urar hoton cikin jiki ta siti (CT). Kar ta ƙara cin komai ko sha. Ki sa mata layin ƙarin ruwa ta jijiya ki ɗaura ruwan gishiri, ta zauna a kishingiɗe a motar, kar a kwantar da ita flat a bayan kujera. Ki riƙe takardar sallamar da duk magungunanta, ki rubuta lokacin da aka yi mata allurar jinin ta ƙarshe, za su tambaya. Lambar likitan da ya yi aikin na jikin takardar? A tura masa awon nan ta WhatsApp kuna hanya. Kuma kar wanda ya tura mata robar hanci zuwa ciki ba tare da likitan tiyata ya sani ba.

Maman Walida: Babban ɗan nata yana cewa a yi mata allurar dai ko don hanya, titin akwai gargada kafin a hau kwalta.

Dakta: Ba shi wayar in yi masa magana. Idan kina da farasitamol na ƙarin ruwa ki ɗaura mata giram 1, in dai awa 6 ta cika da shan na ƙarshe. Fenta a bayan mota cikin duhu, ba mai ganin ƙirjinta, a'a.

Baba Nas: 'Yata, ki bi maganar Dakta. Ki zauna kusa da kanta kina yi mata hira har ku isa. Allah ya sa a dace.

Maman Walida: Amin Baba. Mun samu mota, mun tashi.

Ungozoma: Allah ya kai ku lafiya. Na Tiyata, ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mu ba ma yin tiyatar rage tumbi, amma mata masu nauyin kilo 120 suna zuwa mana haihuwa, a yi musu tiyata, kuma fenta ce dai a takardar kowa, awa 6 awa 6, siririya da mai jiki duk ɗaya.

Na Tiyata: Nan ne maganar ta shafe mu, Sista. Kuskuren da aka fi yi ma shi ne a hau sikeli a lissafa magani da abin da ya nuna. Kitse ba ya ƙara wa mutum girman hanta da ƙoda yadda ya ƙara masa nauyi. Mace mai tsawon santimita 160, nauyin da ya dace da ita wajen kilo 55 ne, ko da sikeli ya ce 130. Ki cire 105 daga tsawon mace, 100 daga na namiji, za ki samu kusan adadin. Mofin, ketamin, lidoken, bufibaken, da wannan nauyin ko kusa da shi ake lissafinsu. Wanda ya lissafa bufibaken miligiram 2 a kowane kilo da kilo 130 ya ba da fiye da ninki biyu, kuma zuciya yake tsayarwa.

Abin da muke da shi a hannu ba kaɗan ba ne. Bufibaken yana nan, likita ya tsira a bakin yanka kafin ya rufe, minti biyu ne. Ketamin ba asibitin karkara da ba shi. Mu da shi muke sa barci, miligiram 1 zuwa 2 a kilo, amma na kashe ciwo ɗan mitsitsi ne, 0.1 zuwa 0.3, ba ya kawo surutai da zare ido irin wanda kuka sani, kuma ba ya danne numfashi kamar mofin. Farasitamol a kan lokaci, ba sai ta yi kuka ba. Mai haihuwa da tumbinta lafiya, ƙodarta lafiya, ba ta zubar da jini, ba jijjiga, diklo na 'yan kwanaki alheri ne gare ta. Masu yankakken tumbi ne ake ware wa.

Dakta: Ko su ma akwai saɓani. Wasu cibiyoyin suna ba masu siliv dangin diklo na kwana ɗaya biyu a asibiti tare da maganin kare tumbi, wasu likitocin tiyata ko sunansa ba sa son ji saboda tsoron zubar jini a layin ɗinki. Wanda ya yi aikin shi ke da ta cewa. Inda nake ja da kai, Na Tiyata, shi ne yayin nan na barci ba dangin mofin ko ɗigo. Deksimedetomidin da ake maye gurbin da shi yana rage bugun zuciya. Akwai gwajin da aka yi a Faransa aka wallafa a 2021, dole aka tsayar da shi kafin lokaci saboda bugun zuciyar wasu ya faɗi ƙasa warwas. Ragewa na yarda da ita, kauda shi gaba ɗaya ban gamsu ba.

Na Tiyata: Ranka ya daɗe, a wancan gwajin da yawa suna ganin adadin da aka ba da ne ya yi yawa. Amma ba zan yi musu ba, ni ma ragewa nake yi. Deksimedetomidin ɗin ma ina muka gan shi, sai a littafi.

Baba Nas: To ga tambayar tsoho. Kun ce mofin kaɗan-kaɗan ta jijiya, nas a tsaye tana kallo. Nas ɗaya ce a ɗaki mai gado ashirin da dare, wutar ma sai an tayar da janareta. Wa zai tsaya? Fenta a ɗuwawu ba don jahilci aka saba da ita ba, don ba hannu ne.

Ungozoma: Gaskiya Baba ya faɗa. Na'urar yatsa ɗaya gare mu, tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata take yawo, batirinta ma mu ke saya.

Na Tiyata: Ban da amsar ƙarancin ma'aikata, Baba. Abin da nake yi a wurinmu: mai jiki da ke minshari gadonta na kusa da teburin nas, a ɗaga kan gadon, ba ta kwana rigingine. Mai jinyarta nakan nuna mata yadda ake ƙirga numfashi da agogon waya, in ce idan ya gaza 10 a minti ko ta kira sunanta ba ta amsa da kyau ba, ta yi ihu. Idan dole sai fenta, rabin kwalba, kuma ba a haɗa ta da diyazefam ko furometazin don ta yi barci. Wannan haɗin shi ne na fi tsoro a duk abin da ake yi a ɗakunanmu.

Mai Kemis Gujungu: Fenta da furometazin ai shi ne abin da kowa ke rubutawa, har likitoci.

Dakta: Ana rubutawa, don fenta na sa amai. Ga siririn saurayi mai karaya wataƙila a wuce lafiya. Ga mai kilo 130 da ke minshari, ondansetiron za a nema. Famasis, nawa yake yanzu a wajenku, kuma akwai nalokson a sito ko sai an aiko daga Dutse?

Famasis: Ondansetiron akwai, farashin sai na duba da safe don ya canza a watan nan. Nalokson zan tambayi mai sito, rabon da wani ɗaki ya nema an daɗe, ina tsoron wanda ke nan ma ya wuce wa'adi.